Giyar da ake jira ta yi warin kananzir

Akwai wata giyar inabi da Turawa ke ɓoyewa a ɗakin ƙasa shekara 10, shekara 15, wani har 20, kuma in ranar buɗewa ta zo abin da ake ɗokin ji shi ne ta ɗan ɗauki warin kananzir. Eh, kananzir fa. Irin warin nan da ke dukan hancinka in ka tsaya wajen ƴan ruwa-ruwa za ka zuba lita guda a babur, sai dai nata siriri ne kuma a cakuɗe yake da ƙamshin zuma. Sunanta Riesling. A kanta nake so in yi surutu yau, musamman marar zaƙin, wadda aka noma inabinta da tsarin nan da ake ce ma biyodinami, noman da ba takin zamani ba maganin kamfani, mai nasa magungunan na musamman.

Kafin wani ya hau ni da wa'azi, ni ba na sha, kuma ban ce kowa ya sha ba. Noma na karanta, lokacin da nake Faransa ne aka tura ni sitaj, wato koyon aiki, wata gonar inabi a Alzas, can gabas bakin iyakar Jamus, na tsinki inabin nan da hannuna, na ci shi har haƙorana suka mutu, na sha ruwansa yana fitowa daga injin matsa tun bai zama komai ba, na wanke tankuna, hancina kuma ya leƙa kofuna da dama. Abin da ya shafi harshe bayan ya zama giya daga bakin masu ɗanɗanawa na ɗauko shi, su kuwa ba su gajiya da magana. Abin da ya dame ni shi ne tambayar manomi: me ke sa ruwan ɗan itace ya shekara 20 a kwalba bai mutu ba, kuma shin ƙahon saniyar da ƴan biyodinami ke binnewa a gona yana da hannu a ciki ko babu.

Shi inabin ɗan bakin kogin Rin ne. Takarda mafi tsufa da aka samu da sunansa ta shekarar 1435 ce, lissafin gidan wani basarake na Katzenelnbogen da ya sayi dashe a garin Rüsselsheim. Har yau Jamus ce uwa, tana da wajen hekta 24,000, mafi yawa a yankunan Pfalz da Rheinhessen da Mozel, sai Alzas mai sama da hekta 3,000, sai Ostiriya, sai can Ostireliya a kwarin Clare da Eden. Itace ne mai jure sanyi, ba ya gaggawar nuna, ƴaƴansa ƙanana ne a cunkushe, kore-kore mai ɗigon ruwan ƙasa in rana ta taɓa su. In ka sa ɗaya a baki ko da ya nuna sarai zaƙi zai zo, amma tsami na biye da shi a guje, tsamin da ke sa miyau ya cika maka baki. Babban tsamin da ke cikinsa, wanda ake kira asid tartarik, shi ne dai wanda ke cikin tsamiyarmu ta kunu. Sai na biyu, malik, na ɗanyar tuffa, wanda ya fi kaifi.

Ruwan da aka matse yana ɗauke da sukari wajen giram 200 ko fiye a lita. Yis, irin wanda ke kumbura burodi, shi ne ke cinye shi ya mai da shi barasa, kusan giram 17 na sukari ke ba da digiri ɗaya, shi ya sa marar zaƙi ke tsayawa a 12 zuwa 13 cikin ɗari. Dokar Tarayyar Turai ta ce kafin a rubuta "sec" ko "trocken", wato marar zaƙi, a jikin kwalba kada sukarin da ya rage ya wuce giram 4 a lita, ko kuma ya kai har giram 9 in dai tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Kun ga ke nan su ma masu dokar sun san tsami na ɓoye zaƙi. A Alzas an daɗe ana rigima kan wannan, mutum ya sayi kwalba yana zaton marar zaƙi ce ya je gida ya tarar da alewa, sai daga girbin 2021 aka tilasta kowa ya rubuta matakin zaƙin a jiki.

To yanzu ƙamshi. Sabuwa, ƴar shekara ɗaya ko biyu, in ka kai hanci lemun tsami ne ke fara yi maka sallama, ɓawonsa ma ba ruwansa ba, sai ɗanyar tuffa, sai wani ƙamshin fure fari marar nauyi. In shekarar ta yi zafi ko gonar na fuskantar kudu sai ya karkata wajen ƴaƴan itace masu rawaya, wani lokacin har ka rantse an yanka ɗanyen mangwaro a kusa. Akwai kuma abin da suke ta nanatawa wai ƙamshin dutse, kamar dutsen da ruwan sama ya jiƙa ko ƙanƙarar da aka ƙyasta. Maigidan da na yi wa aiki yana iya jera maka kofi uku ya ce wannan daga garanit, wannan daga farar ƙasa, wannan daga dutsen aman wuta, kuma wallahi hanci na jin bambanci, na garanit ya fi saurin buɗewa da ƙamshin fure, na farar ƙasa a rufe yake sai an jira shi. Alzas na da filaye 51 da ake kira Grand Cru, na farko da aka ba wannan matsayi a 1975 shi ne Schlossberg, garanit ne, dangin duwatsun nan namu da suka kewaye Birni a Damagaram. Akwai Rangen a garin Thann, tudun dutsen aman wuta mai tsayuwa ƙyam, wanda ma'aikata ke shan wuya a kai. Amma kada wani ya ce maka dutsen ne ke narkewa ya hau jijiya ya shiga kwalba, wannan tatsuniya ce. Abin da ƙasa ke yi shi ne ta tsara yawan ruwa da abincin da itace ke samu da ɗumin da ke dukan ƴaƴan, daga nan bambancin ke tasowa.

A baki kuma masu sha sun haɗu kan abu guda, cewa ba ta da kauri ko maiƙo, a miƙe take, tsamin na tafiya tun daga farkon harshe har maƙogwaro, kuma mai kyau tana barin wani ɗan gishiri-gishiri da ke daɗewa bayan an haɗiye. Da tsawon wannan daɗewar suke auna darajarta fiye da ƙarfin ƙamshi. Ita ba a sa ta a sabuwar gangar katako kamar yadda ake yi wa wasu fararen giya, sai tankin ƙarfe ko manyan tsofaffin ganguna da suka daina ba da ƙamshin itace tun zamanin kakan mai gonar, don haka babu abin da zai rufa wa inabin asiri. In ya yi kyau a ji, in ya ruɓe a ji.

Daga shekara ta uku zuwa ta biyar da yawansu sai su yi shiru. Ƙamshin ƙuruciya ya tafi, na girma bai iso ba, ka buɗe kwalbar Yuro 30, kusan jikka 20 ke nan, ka ji kamar ruwan lemun tsami kawai. Masu gaggawa a nan suke yin asara. In aka ƙyale ta sai launin ya tashi daga fari mai ɗan kore ya koma ruwan zinariya, lemun tsamin ya koma kamar wanda aka dafa da sukari ya bushe, zuma ta shigo, kakin zuma, gasasshen burodi, sannan kananzir ɗin nan. Abin mamaki ƙamshin zuma ne amma babu zaƙi ko kaɗan, hanci na cewa zaƙi harshe na ƙaryatawa.

Warin kananzir ɗin ba tsafi ba ne, sinadari ne da ake taƙaita sunansa TDN. Asalinsa daga karotinoyid ne, dangin abin da ke ba karas launi, wanda inabi ke tarawa a fatarsa don kare kansa daga rana. A cikin kwalba tsami na warware su sannu a hankali har TDN ya fito fili, kuma hancin ɗan Adam na iya kama shi ko da ƴan mikrogiram ne a lita. Riesling ya fi sauran inabi tara shi. Rana mai yawa a kan ƴaƴa, ƙishirwar itace, zafin wurin ajiya, duk suna ƙara shi, shi ya sa na Ostireliya ke saurin yin wari fiye da na Mozel. Har marfi na da ta cewa, toshiyar ɓawon itace na tsotse wani kaso, marfin murɗawa kuwa ba ya taɓa shi, ga shi manoman Clare sun haɗa kai sun koma marfin murɗawa tun girbin 2000. Su kansu masanan ba su daidaita ba, wasu na ganin alamar girma ce, wasu na cewa in ya fito tun tana shekara biyu aibi ne, alamar an bar rana ta gasa inabin. Ni a hancina ɗan kaɗan a bayan zuma yana da daɗi, in ya yi yawa kuwa gareji ne kawai.

Me ke riƙe ta tsawon shekarun nan? Jar giya na da tanin, abin nan mai ɗaure baki kamar goro, shi ke kare ta. Fara ba ta da shi sosai. Riesling da tsami yake tsayuwa, giram 7 zuwa 9 a lita ba abin mamaki ba ne, pH kuma, wato ma'aunin ƙarfin tsami, wajen 3 ko sama kaɗan, a irin wannan tsamin ƙwayoyin da ke lalata abin sha ba sa sakewa, kuma ƴar farar wutar da ake sakawa, wato salfait, ta fi aiki da ƙarfi. Yawancin masu yi suna hana bakteriya mai da tsamin tuffa zuwa tsamin nono mai laushi don kada kaifin ya tafi, ko da yake a cikin ƴan biyodinami akwai masu barin abin ya faru da kansa, sun ce giyar ta fi zama lafiya daga baya. Sai barin ta ta kwanta wata da watanni a kan matattun yis da suka taru a gindin ganga, wannan na ba ta jiki yana kuma kare ta daga iska. Amma duk wannan sai in inabin ya shigo lafiyayye, nunanne, ba ruɓa, ba a kuma ɗora wa itacen kaya fiye da ƙarfinsa ba. Tsami shi kaɗai ba ya isa, ɗanyen inabi mai tsami in ya shekara 10 tsohon tsami za ka tarar.

A nan ne maganar noma ta shigo, wato inda ni nake da bakin magana.

Biyodinami daga wani ɗan Ostiriya ya fito, Rudolf Steiner, masanin falsafa mai ra'ayoyin ruhaniya, ba manomi ba. A 1924 ya yi lacca takwas ga wasu manoma a Koberwitz, wurin yanzu yana cikin Polan, su kuma sun zo masa ne da kukan cewa tun da takin zamani ya shigo ƙasarsu da irinsu da dabbobinsu ke raguwa. Shekara guda bayan nan ya mutu. Abin dariya shi kansa ba ya son barasa, yau ga shi masu giya ne suka fi kowa ɗaga sunansa. Tambarin Demeter da ake gani a kwalba, shaidar cewa da wannan tsarin aka yi noman, ya samo asali tun 1928, na Biodyvin kuma na masu inabi ne zalla, daga 1995. A Alzas Eugène Meyer na garin Bergholtz ya fara tun 1969 bayan maganin ƙwari ya taɓa masa ido, gidan Nikolaihof a Wachau ta Ostiriya 1971, daga baya manya irin su Zind-Humbrecht a Alzas da Dr. Bürklin-Wolf a Pfalz suka shigo, sai abin ya daina zama na ƴan tsiraru da ake yi wa dariya.

Tushen maganar shi ne gona ta zama kamar jiki guda mai ciyar da kanta, ba takin zamani, ba maganin kashe ciyawa, ba maganin ƙwari na kamfani, a yi takin gargajiya, a bar ciyawa da furanni tsakanin layuka, a kawo dabbobi. Har nan babu manomin Matamaye ko Magarya da zai yi musu, mu da muke ba makiyayi hatsi don shanunsa su kwana a gona, mu da muka bar gawo ya sake tsirowa a gonaki har ƙasa ta farfaɗo. Inda abin ke ɗaukar wani salo shi ne magungunan da ke da lamba. Lamba 500 kashin saniya ne ake cusawa a ƙahon saniya, saniya fa wadda ta taɓa haihuwa ba sa ba, a binne a ƙasa daga kaka har sanyi ya wuce, a tono shi ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasa, a ɗebi wajen giram 100 don hekta guda a zuba a ruwa. Lamba 501 garin farin dutse ne, shi ma a ƙaho amma da zafi ake binne shi, ƴan giram kaɗan ake fesa wa hekta da sassafe a kan ganye. Sai 502 zuwa 507 na zubawa a tarin taki, furanni da ganyaye da ɓawon itace, wani a cusa shi a hanjin saniya, wani a ƙoƙon kan dabba, wani a mafitsarar barewar ƙasarsu. Kuma kafin a fesa 500 ko 501 sai an juya ruwan awa guda cur, ka juya gefe ɗaya har rami ya buɗe a tsakiya sai ka karya shi ka koma ɗaya gefen. Na yi wannan juyin da sanda a cikin ganga da yamma, kafaɗa ta faɗa mini.

Da na ba Kawuna labari ta waya shiru ya yi, sannan ya ce, "Kai yaro, Nasaran ne da kansu ke binne ƙaho a gona?" Na ce, "Su ne Kawu, har da satifiket ake ba su." Ya ce to in nan ne mutum ya yi haka ai sai a ce ya je wajen boka, amma ka tambaye su giram ɗari na kashi zai yi me a hekta, mu da amalanke muke kai wa. Tambayar Kawu ita ce tambayar da masu bincike suka yi ta yi.

A Suwis akwai gwajin da ake kira DOK a Therwil, tun 1978 ake noma fili ɗaya da tsari daban-daban gefe da gefe, alkama da dankali da ciyawar dabbobi. Sakamakon shekara 21 da aka buga a mujallar Science a 2002 ya nuna filayen biyo, wato noman da ba takin zamani ba maganin kamfani amma ba ƙaho, da na biyodinami amfaninsu ya gaza na tsarin zamani da wajen kashi 20 cikin ɗari, amma taki da makamashin da aka kashe sun ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin ƙwari da kashi 97, ƙasar kuma ta fi rai, tsutsotsi da ƙananan halittu sun fi yawa. A kan Riesling kansa makarantar inabi ta Geisenheim a Jamus ta fara nata gwajin a 2006, abin da ya fito shi ne itacen biyo da na biyodinami ba sa haukan girma kamar na tsarin zamani, rassa ƙanana, amfani ƙasa. Amma babban bambancin tsakanin na zamani ne da sauran biyun, tsakanin biyo zalla da mai ƙaho tazarar ƴar kaɗan ce. Sai kalandar wata ta Maria Thun, wadda ta raba kwanaki zuwa ranar saiwa, ranar ganye, ranar fure, ranar ƴaƴa, har wasu ke cewa giya ta fi daɗi in an buɗe ta ranar ƴaƴa. A 2017 an gwada wannan a Niyu Zilan, ƙwararru 19, giya 12 ta inabin Pinot noir, ba su san wace rana ce a kalandar ba, kuma ba a ga wata alaƙa tsakanin ɗanɗano da ranar ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ƙahon ba ya cutar da komai, wata ma yana can sama abinsa. Abin da ke aiki shi ne wanda ya ɗaure wa kansa hannu ya ce ba zai taɓa maganin kamfani ba dole ya zauna a gonarsa. Ba shi da abin da zai fesa bayan cuta ta kama, sai dai ya riga ta, don haka kullum yana tsakanin layuka yana juya ganye yana duba sama. Maigidana ya san itacen da ke fara jin ƙishi a kowane layi. Itacen da ba a cika shi da takin azot, wato nitirojin, ba ganyensa ba ya yin duhu, iska na ratsawa, ƴaƴan ƙanana ne kuma ba su matse juna har su fashe ba, Riesling kuwa babban ciwonsa ke nan, cunkoso ya sa fumfuna ta shiga tsakiyar nono ta ruɓar da shi kafin ya nuna. Wanda inabinsa ke lafiya yana iya jira ya nuna sosai ba tare da tsoro ba, ya tsinka da hannu, ya bar yis ɗin da ke jikin inabin ya yi aikinsa a hankali, wani lokacin har watanni. Giyar da za ta yi shekara 20 daga nan take fitowa. Maƙwabcinsa da ba ya binne ƙaho amma yana irin wannan kulawar shi ma tasa na tsufa lafiya, na shinshina duka biyun.

Kuma tsarin na da nasa haɗarin da masu talla ba sa faɗa. Kolmar ta Alzas na cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, wajen milimita 600 a shekara, don tsaunukan Vosges na tare hadarin da ke zuwa daga yamma. Mu da ke samun wajen 400 a wata uku za mu ce ai suna cikin ni'ima, to amma a tudun garanit mai ƙasa ƴar kaɗan, in shekara ta zo da zafi irin 2003 ko 2018, ciyawar nan da aka bari tsakanin layuka sai ta koma kishiya, ta shanye ruwa ta cinye azot. Itacen da ya sha irin wannan wuya giyarsa na iya saurin yin kananzir, ko ma ta kamu da wata cuta da Jamusawa suka sani sosai, tsufan da bai kai lokaci ba, ƙamshin ƴaƴan itace ya gudu tun tana shekara ɗaya ko biyu a bar ka da warin jiƙaƙƙen tsumma da maganin asu. Manomin kirki a irin shekarar nan yana kwantar da ciyawar ko ya yi huɗa layi ɗaya ya bar ɗaya, kuma ba ya cire ganyen da ke yi wa ƴaƴan inuwa ta gefen rana. Wanda ya riƙe littafi ya ƙi duban gona shi ke shan kashi.

Sai maganar tagulla. Mutane na zaton biyo na nufin ba a fesa komai, ina! Fumfunar ganye ba ta san Steiner ba. Da farar wuta da ruwan tagulla ake yaƙar ta, tagulla kuwa ƙarfe ce, ba ta ruɓewa, taruwa take a ƙasa shekara da shekaru har ta dami tsutsotsin da ake taƙama da su. Tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara in an raba, Demeter ma ta fi matsewa. Kuma da yake ruwan sama na wanke ta, a shekara mai ruwa irin 2021 tarakta sai ta yi ta shiga gona tana fita, gazuwal na ƙonewa, ƙasa na dannuwa, duk da haka wasu sun yi asarar amfani mai yawa. Suna haɗawa da shayin ganyaye don rage yawan tagullar, wannan kam dabara ce da na ga amfaninta, amma ba ta maye gurbinta ba.

Wani abin da mai ajiya ya kamata ya duba shi ne salfait. Farar giya marar zaƙi ta tsarin zamani doka ta yarda har miligiram 200 a lita, ta biyo 150 in sukarinta bai kai giram 2 ba, ƴan biyodinami da yawa suna ƙasa da haka nesa, wasu ma sun ce sam ba za su sa ba. Marar salfait na iya yin kyau tana sabuwa, amma ajiye ta shekara 15 caca ce, ɗumi kaɗan ya taɓa ta sai ta koma ruwan ƙasa mai warin tuffar da aka yanka aka manta. Waɗanda giyarsu ta yi suna wajen daɗewa mafi yawa suna sa ɗan kaɗan lokacin zubawa a kwalba. Misalin da ake yawan kawowa na Nikolaihof ne, Riesling ɗinsu na girbin 1995 da suka kira Vinothek ya shekara 17 a cikin babbar tsohuwar ganga kafin a zuba shi a kwalba, kuma mujallar Wine Advocate ta ba shi maki 100 cif. Wannan na nuna iyakar da abin ke iya kaiwa, amma ba kowace kwalba ba ce. Ta yau da kullum daga fili mai kwari shekara 3 zuwa 5 ta gama abin da za ta yi. Ta tudu mai kyau, Grand Cru a Alzas ko wadda Jamusawa ke sa wa GG, alamar marar zaƙi daga manyan filayensu, 10 zuwa 15 ba wani abu ba ne, a shekara mai kyau daga hannun mai kyau ta wuce 20.

Duk wannan lissafin kuma na ɗakin ƙasa ne mai digiri 10 zuwa 14, duhu, ba hawa da sauka, kwalba a kwance in toshiyar ɓawo ce don kada ta bushe. Zafi na gaggauta duk abin da ke faruwa a cikin kwalba, kuma ba gaggawa mai kyau ba, dafuwa ce. A Damagaram da watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kwalbar da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta kwana a kwantena ta hau babbar mota ta yi sama da kilomita dubu a rana, ta mutu tun kafin ta ga gari, ko da an sa ta a firigo daga baya, balle wuta na zuwa tana ɗaukewa. Ko a can Alzas ɗin maigidana ba ya aika kaya in zafi ya tsananta, sai ya kira mai saye ya ce a jira Satumba.